Wa ya iya zamiya a kan ƙanƙara ya taimaka min? Na sha ƙasa jiya a Ottawa

Ɗan_Fagge:

Slm 'yan uwa. Barkanmu da sanyi mu da muke wannan ɓangaren, na gida kuma barkanku da hunturu, kodayake yanzu in na tuna abin da muke kira sanyi a Kano har mu kunna wuta a ƙofar gida muna karkarwa sai dariya ta kama ni.

Ni ɗalibi ne a Ottawa, watan Satumba na zo, wannan ne sanyina na farko a Kanada. Tun da ƙanƙara ta fara zuba abokan karatuna ba su da zance sai na kanal ɗin Rideau, wata doguwar hanyar ruwa da ta ratsa garin, wai in ya daskare mutane a kansa suke zamewa su tafi aiki da makaranta, kilomita 7.8 tun daga tsakiyar gari ya bi ta tafkin Dows Lake har Hartwells Locks, kuma ga shi ta gefen makarantarmu yake wucewa, kullum ina ganinsa. Jiya Asabar dai suka ja ni wani ƙaramin fili wai in fara gwadawa, na karɓi hayar takalmi na ɗaure abina kamar yadda nake ɗaure kambas, ina sa ƙafa a kan ƙanƙarar nan wlh ban san lokacin da na ga sararin samaniya ba. Ƙafa ta yi gabas ni na yi yamma. Sau shida na faɗi a cikin minti arba'in, sauran lokacin kuma ina maƙale da katangar gefe kamar ƙadangare, idon sawuna sai lanƙwashewa yake ciki, tafin ƙafata kamar ana hura min wuta. Abin da ya fi ƙona min rai wata 'yar yarinya da ba ta wuce shekara biyar ba, da hularta ruwan hoda, ta zo ta tsaya cak a kaina ta miƙo min hannu wai za ta tashe ni. Ni da shekara 29 da gemuna.

Yau ko zaman tahiya da ƙyar na yi. To tambayoyina su ne, mutum a shekaruna zai iya koya kuwa ko in haƙura in bar wa masu abin abinsu? In zai yiwu wane takalmi ya kamata, don na ga kala biyu ne, wani da haƙora a gaba wani babu, kuma in saya ne ko in ci gaba da haya? Sannan in tafi kanal ɗin kai tsaye tunda can ne burina, ko yaya? Ngd.

Abban_Ilham:

Wa alaikumus salam ƙanina, sannu da jiki. Sau shida ai ka yi ƙoƙari, ni ranar farko ban ma ƙirga ba. Shekarata 14 a garin nan kuma sai da na haura 35 na koya, yara ne suka tilasta min, don ba zai yiwu kullum ina tsaye a gefe riƙe da jakunkuna ina daskarewa ba su suna ciki suna zufa. Saboda haka maganar shekaru cire ta.

Daga bayaninka na gano inda matsalar take, kuma tun kafin ka taka ƙanƙara ta fara. Ka ce ka ɗaure shi kamar kambas. Wannan takalmin ba haka ake masa ba, kuma ina kyautata zaton lambar takalminka na yau da kullum ka faɗa musu suka ba ka. Na ƙanƙara yawanci ana rage lamba ɗaya ko ɗaya da rabi, ya kama ƙafa tsam, yatsunka su ɗan taɓo gaba in kana tsaye, in ka lanƙwasa gwiwa su ja baya kaɗan, diddige kuma kar ya motsa ko kaɗan. Igiyar kuma a wajen yatsu sassauta, a daidai idon sawu ja ta da ƙarfinka. Safa guda ɗaya siririya, kar ka ce sanyi ka jibga biyu ko uku, ƙafa za ta riƙa yawo a ciki kuma jini ba zai zagaya ba sai sanyin ya fi kama ka. Wannan lanƙwashewar idon sawun da kake ji ba wai ƙafarka ce ba ta da ƙarfi ba, takalmin ne ya yi maka yawa ko kuma ya tsufa ya saki, na haya kuwa ƙafa nawa ta shiga cikinsa Allah kaɗai ya sani.

Sai babban abin, gwiwa. Mu Hausawa in muka ji za mu faɗi miƙewa muke yi sambal mu ja baya muna fiffika hannu kamar kazar da aka yanka, to wannan shi ne yake kai mutum ƙasa ta ƙeya. Akasin haka za ka yi. Ka lanƙwasa gwiwa kamar za ka zauna a kujera amma ka fasa, ƙirji ya ɗan yi gaba, hannuwa a gabanka kamar ka ɗora su a kan tebur, ido a gaba ba a kan ƙafarka ba. Da ka ji ka fara tangaɗi ka dafa gwiwoyinka da hannu biyu kamar mai ruku'u, wlh sau da yawa nan take za ka daidaita. In kuma faɗuwar ta zo, to ka riga ka yi kusa da ƙasa, sai ka saki jiki ta gefe a kan cinya, faɗuwa ta zo daidai da zama.

Ranar da za ka koma, kafin komai ka zauna a kan ƙanƙarar da kanka ka koyi tashi. Ka durƙusa a gwiwa biyu, ka ɗago ƙafa ɗaya ka kafa ƙarfenta a ƙasa, ka dafa wannan gwiwar da hannu biyu ka tura kanka sama. Yi sau biyar ko goma har kunyar ta fita, don rabin tsoron da ke sandarar da jikin mutum tsoron yaya zan tashi a gaban mutane ne. Bayan nan kar ka ce za ka zame tukuna, tafiya za ka yi, ƙananan taku, diddige kusa da juna yatsu a buɗe waje, tafiyar agwagwa sak. Taku huɗu ko biyar sai ka haɗa ƙafa biyu ka bari ta tafi da kai. Turawa kuma da gefen ƙarfen ake yi zuwa gefe da baya, ba da kan yatsu ba kamar mai gudu. In ka juya takalmin ka duba za ka ga ƙasan ƙarfen ba kaifi ɗaya ba ne irin na wuƙa, akwai ɗan kwarmi a tsakiya, baki biyu ne, na ciki da na waje, su ne suke cizon ƙanƙara. In suka dakushe ko gwani ne sai ya riƙa sulɓewa gefe, shi ya sa ake kai shi a wasa, kuma ka sani sabon takalmi daga kwali yawanci ba a wase yake zuwa ba.

Kanal kuwa a'a, ba yanzu ba. Can babu katangar da za ka kama, ƙanƙarar ta Allah ce, akwai tsaga akwai gargada, ga iska. Je ka filin da ke gaban ofishin magajin gari a titin Laurier, Rink of Dreams, kyauta ne in kana da takalminka, injin sanyi ne a ƙarƙashinsa kuma motar nan Zamboni tana zagayawa ta kankare saman ta zuba ruwa ya koma sumul. Ka je da safe ranar aiki lokacin yara suna makaranta, ba mai kallonka.

Na_Kwari:

Kai jama'a. Iyaye sun sayar da gona an tura ka karatu ka je kana birgima a kan ƙanƙara. Malam icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su waɗannan tun suna goye ake sa musu takalmin nan, kai kuma ƙanƙarar da ka sani ita ce ta cikin kular mai zoɓo lokacin azumi. In ka karye wa zai ɗora ka a can, akwai masu ɗori ne? Ni dai shawarata ka sayi shayi mai zafi ka tsaya a gefe ka ɗauki hoto ka turo mana, ba wanda zai tambaye ka ko ka hau. Hhhh Allah ya ƙara sauƙi dai.

Maman_Nana_Gatineau:

Na_Kwari ka ji tsoron Allah, ka bar yaro ya koyi abinshi. Ɗan_Fagge sannu ƙanena, ni 'yar Maraɗi ce, muna nan tsallaken kogi ɓangaren Kebek, gada kawai ke tsakaninmu da ku. Duk abin da Abban Ilham ya faɗa haka yake, abu guda zan ƙara wanda ya manta kuma a wurina shi ne na farko, hular kwano. Ɗiyata da na sa ta koyo a tsarin CanSkate, mu nan Patinage Plus ake ce mishi, ba su barin yaro ya shiga fili sai da hula irin ta 'yan hoki mai tambarin CSA na tabbatar da inganci, ta keke ma ba su karɓa. To in yaron da tsawonshi bai kai ƙugunka ba an ce sai da hula, kai da za ka faɗo daga sama da nauyinka mi za a ce? Manya ne ke jin kunyar sa ta, wai kar a gane sabbin shiga ne, alhali tun daga ƙofa an gane. Kuma safar hannu dole, ba don sanyi kawai ba, in ka faɗi ka dunƙule yatsunka maza ka janye hannu jikinka don na bayanka da ƙarfe yake tahowa.

Kuma ka duba darasin manya, birnin Ottawa na shirya su a filayen unguwanni, kulob-kulob ma suna da ajin manya. Ni shi na shiga bayan na gaji da kame-kame, ajinmu akwai wata tsohuwa da ta yi jika, akwai 'yan Indiya da Larabawa da 'yan Kongo, kowa na faɗuwa kowa na dariya, ba wanda ya fi wani. A nan aka koya min tsayawa, wanda shi ne abin da masu koya da kansu suke tsallakewa, sai ka ga mutum ya iya gudu amma birkinshi katanga ce ko bayan wani bawan Allah. Gwiwa a lanƙwashe, ka karkato yatsun ƙafa ciki kaɗan ka tura ƙarfen waje yana kankarar saman ƙanƙara har ka ga gari fari na tashi. Fara da riƙe katanga kana kankarewa da ƙafa ɗaya a tsaye.

Bari in yi wa 'yan uwana mata magana tunda na san suna karantawa ba sa rubutu. Ana yi da hijabi lafiya lau, ni da shi nake yi, amma ƙarami wanda za ki cusa cikin jaket, ba mai jan ƙasa ba, kuma hular kwano na zama a kanshi. Abaya ko dogon siket har ƙasa kuwa kar ki soma, ranar farko da doguwar riga na je wai ni kunya, bakin rigar ya shiga ƙarƙashin ƙarfen, na faɗi rigar ta yage har gwiwa, kunyar da nake gudu na same ta ninki biyu. Yanzu wando mai kauri nake sawa da jaket mai tsawo zuwa gwiwa, shi ke nan.

Sadiq_KL:

Ni ban taɓa zuwa Kanada ba amma na koya a Maleshiya lokacin ina digiri, a cikin Sunway Pyramid, waje ana zafi kamar Maiduguri ciki kuma ƙanƙara, mutane na sama a bene suna shan kofi suna leƙen masu faɗuwa. Game da tambayarka ta takalmi da ba a amsa ba, ni ina ganin mai haƙoran nan ya fi wa ɗan koyo. Shi ne na masu rawa da juyi, ƙarfensa ya fi tsawo kuma ya fi kwanciya a ƙasa, har ya ɗan wuce diddige ta baya, so ba ka saurin tafiya ta ƙeya. Na hoki gajere ne kuma gaba da bayansa a lanƙwashe suke kamar gindin kwale-kwale, an yi shi ne don juyawa da sauri, ɗan koyo in ya ɗan jingina baya kawai sai ya ji shi a ƙasa. Haƙoran dai ka kiyaye su, na tsalle ne ba na turawa ba, in suka caki ƙanƙara kana tafiya to da haɓa za ka sauka, ni sai da na fasa leɓe kafin na gane.

Wani abin da ya taimake ni, da ma ina ɗan yin takalmin taya tun a Kaduna, in ka taɓa yi to rabin aikin ka gama, tsayawa ce kawai ta bambanta. Kuma akwai wani atisaye, ka haɗa diddige ka bar ƙafafun su buɗe su tafi gefe sannan ka jawo yatsu su haɗu, sawunka zai fito kamar siffar kifi a kan ƙanƙara, kana tafiya ba tare da ka ɗaga ƙafa ba. Shi ya fara sa na ji bakin ciki na ƙarfen, ina nufin kaifin da ke ta ciki ba ɓacin rai ba lol.

Abban_Ilham:

Hajiya Maman Nana kin yi gaskiya, hula ta wuce min, Allah ya saka. Sadiq maganarka daidai ce a fili mai sumul irin na cikin kanti, amma ka tuna shi burinsa kanal ne, can kuwa haƙoran nan duk tsagar da suka samu sai sun gaisa da ita. Ni dai na hoki zan ce, wahalar sati biyun farko ce kawai. Kuma a nan garin na hannu sun yi yawa, yara suna girma ana sayarwa, duba Play It Again Sports ko Facebook Marketplace za ka samu na kamfanin Bauer ko CCM da sauƙin kuɗi, haya huɗu ko biyar ta biya maka shi. Ka matsa wajen idon sawun da hannu, in ya lotsa kamar kwali ajiye musu abinsu. Ka sayi robar rufe ƙarfe don kar ka taka siminti da shi, in ka gama ka goge shi da tsumma ya bushe kar tsatsa ta ci.

Amma kar ka yi nawa da yawa fa, kanal ɗin ba shi da tabbas yanzu. Hukumar NCC da ke kula da shi ba ta buɗewa sai kaurin ƙanƙara ya kai santimita 30, wannan kuwa sai an jera kwana goma zuwa sati biyu ana sanyin mainos 10 zuwa 20. Tun sanyin 1970 zuwa 71 ake buɗe shi kowace shekara, sai a 2023 aka wayi gari har sanyi ya wuce bai buɗu ba ko na kwana ɗaya, shekarar da ta biyo baya ma 'yan kwanaki ne. Ranar da za ka je ka duba shafinsu tukuna, koriyar tuta a buɗe yake, ja a rufe. Ka goya takalminka na ƙasa a jaka, kuma ka fara da fuskantar iska don dawowa ta turo ka, na taɓa yin akasin haka da yara biyu, a bas muka dawo.

Ummu_Khalil:

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Alberta, ba na zamiya amma ina ganin waɗanda ta kawo mana. Abin da ya fi yawa wuyan hannu ne, mutum zai faɗi sai ya miƙe hannu ya tokare ƙasa, duk nauyinsa ya sauka a wurin, sai kuma buguwar kai. Akwai abin ɗaure wuyan hannu irin na masu takalmin taya, ba tsada, yana shiga ƙarƙashin babbar safar hannu. In ka bugu a kai ka ji jiri ko amai ko ciwon kai da ke ƙaruwa kar ka ce bari in kwanta ya wuce, je a duba ka, kuma katin inshorarka na ɗalibai ya kasance a wayarka. Ciwon mazaunai da kake ji yanzu in kana iya tafiya yawanci buguwa ce, yana ɗaukar kwanaki wani lokacin makonni, ka riƙa zama a kan abu mai laushi. Kuma in ka gaji ka fito, yawancin faɗuwa mai muni a ƙarshe take zuwa lokacin da cinya ta mutu mutum yana cewa bari in ƙara zagaye ɗaya. Minti talatin ya ishi ɗan koyo. Na_Kwari akwai masu ɗori, sai dai layin jiransu ne ba za ka so ba.

Ɗan_Fagge:

Jama'a na dawo da rahoto, yau kwana 16. Ngd ƙwarai Abba, Anti Maman Nana, Anti Ummu Khalil da Sadiq, Allah ya bar zumunci. Na samu na hoki na hannu, lamba ɗaya da rabi ƙasa da nawa kamar yadda Abba ya ce, da na sa shi a shagon na ce wa mutumin ya matse ni ya ce haka ake so, na kai aka wasa, na sayi hula ma duk da na yi kama da ɗan acaɓa. Wlh bambancin kamar ba ƙafata ba, idon sawun ya daina lanƙwashewa gaba ɗaya.

Zuwana biyar filin gaban ofishin magajin gari, duk da safe bayan na idar da asuba na ɗan jira gari ya waye, daga ni sai wasu tsofaffi biyu da suke zagayawa hannu a baya suna hira kamar suna yawo a tsakar gida. Ranar farko na yi abin da aka ce, na zauna da kaina na tashi sau goma, ɗaya daga cikin tsofaffin ya tsaya yana kallona ya ɗaga min babban yatsa. Ranar uku na saki katanga. Jiya na zagaya sau huɗu ban taɓa ta ba, na faɗi sau ɗaya kawai kuma ta gefe, ruku'un nan yana aiki sosai. Kifin Sadiq ma ya fara fitowa amma nawa ya fi kama da tarwaɗar da mota ta taka.

Inda na maƙale shi ne tsayawa. Ƙafar dama tana kankarewa har garin ya tashi, ta hagu kuwa ta ƙi, da na tura ta sai ta cije ta juya ni kamar fanka in koma ina kallon inda na fito. Anti ko haka kika yi fama da farko? Na yi rajistar ajin manya dai, ranar Talata da daddare za mu fara. Kanal an sa koriyar tuta tun shekaranjiya, na je na tsaya a kan gada ina kallonsu da takalmina a jaka amma ban sauka ba, Abba ya ce in na iya birki zai zo da su Ilham mu shiga ta Dows Lake tare, shi zai sayi BeaverTails, soyayyar fulawar nan da ake sayarwa a wurin, ni in sayi shayi. Na_Kwari turo lambarka ta inbox, hoton yana zuwa.